Tsiro, Zafi da Tukunya: Kimiyyar da ke Cikin Kunun Zaƙi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina da bazara, mota ta tsaya da shi a Kankiya, ya san yadda yara masu talla suke yanyame tagogi da robobin kunun zaƙi masu raɓa a jiki. Haka abin yake a Kusada ranar kasuwa, balle kuma in azumi ya kama. Abin da mai saye bai cika tunawa ba shi ne, kowace roba daga hannun wata mata ta fito, wadda ta kwana tana lissafi a cikin gida. Gero ko dawa kuɗi ne, niƙa kuɗi, itace kuɗi, ƙanƙara kuɗi, amma wanda ya fi cinye riba shi ne sukari, wanda mafi yawan ɗanyensa daga Barazil ake shigo da shi Nijeriya.

Sai a ga mata biyu a unguwa ɗaya, sun auno hatsi a kasuwa ɗaya, sun kai niƙa inji ɗaya, amma kunun ɗaya ya tsinke ya yi garɗi da sukari kaɗan, na ɗayar kuwa ya yi kauri, ya yi salam, sai an ɗura masa sukari kafin ya shawu. Akan ce wance tana da hannu. Masanin halittu ba zai musa ba, sai dai zai ƙara da cewa wannan hannu yana da ma'auni, kuma rabinsa yana jikin mazubin da aka haɗa kunun a ciki. Aikin da matan nan suke yi, wato jiƙa niƙaƙƙen hatsi a ruwan ɗumi har sitacinsa ya koma sukari, shi ne ainihin aikin da ake yi a masana'antun lemon malt, shi ne kuma matakin farko na masu dafa giya a ko'ina cikin duniya. Daga nan ne hanyoyi suke rabuwa.

Abin da ke cikin ƙwaya

Kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwayar dawa sitaci ne. Shi kuwa sitaci sarƙa ce mai tsawo ta ƙwayoyin sukarin da ake kira gulukos, an ƙulla su dubbai a jere, wasu a miƙe, wasu da rassa. Harshe ba ya jin zaƙinsa domin sarƙar ta yi girma. Guzuri ne uwar shuka ta ajiye wa ɗan tsiron da ke kwance a gindin ƙwayar, wanda zai rayu a kansa daga ranar da ruwan shuka ya sauka har ya fitar da ganyen da zai ciyar da shi.

Da zarar ƙwaya ta sha ruwa, ɗan tsiron yakan farka ya soma sakin wasu sinadarai masu suna inzayim. Waɗannan furotin ne da ke hanzarta sauyi ba tare da su kansu sun ƙare ba. Biyu daga cikinsu ne suka shafi mai kunu. Na farko, alfa-amilas, yana sarar sarƙar sitaci ta tsakiya, ko'ina ya samu, saboda haka cikin 'yan mintoci abu mai kauri yake tsinkewa. Na biyu, beta-amilas, daga bakin sarƙa yake farawa, yana ɓallo gulukos bibbiyu. Wannan tagwayen sukari shi ne maltos, wanda zaƙinsa bai kai rabin na sukarin rake ba, amma yana da garɗin da kowa ya sani a lemon malt. A taƙaice, ɗaya ne ke tsinka kunu, ɗayan ne ke zaƙaƙa shi.

A shekarar 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir suka sa masa suna diyastas. Shi ne inzayim na farko da aka ware a tarihin kimiyya. Akwai irinsa a yawun ɗan Adam; wanda ya daɗe yana tauna lomar tuwo ba miya zai ji ta soma zaƙi.

Yin tsiro dabara ce ta yaudarar ƙwaya. A jiƙa ta kamar yini da kwana ana canja ruwa, a baza a inuwa a rufe da danshin buhu, ana yayyafa ruwa kwana huɗu ko biyar har ta cika da inzayim, sa'an nan a shanya a rana kafin ta cinye guzurin da kanta. Shanyar rana ta fi gashi a wuta, domin zafin da ya wuce digiri 50 yana lalata inzayim a ɗanyen tsiro.

Matsalar dawa

Nan ne wahalar take. Inzayim ba ya iya cin ɗanyen sitaci sai a hankali ƙwarai, saboda yana dunƙule cikin ƙananan duwatsu masu tauri. Sai zafi ya kumbura su sun fashe, abin da ake gani lokacin da aka sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara ta kama ta zama koko. Sitacin sha'ir yana kamawa a wajen digiri 60 na ma'aunin santigired. Na dawa kuwa sai ya kai tsakanin 68 da 78.

To, shi beta-amilas ya fi ƙwazo a tsakanin digiri 60 da 65, in an haura 70 ya mutu. Alfa-amilas ya fi shi juriya, yana aiki sosai a wajen 70, amma shi ma in an kusanci 80 ya gama. Ga Bature mai aiki da sha'ir abin da sauƙi: ya zuba komai a mazubi ɗaya, ya riƙe zafi a wajen 65 na awa guda, sitaci ya kama, inzayim ya ci. Mai dawa ba ta da wannan gata. Zafin da zai dafa mata sitaci shi ne zai kashe mata inzayim. Bugu da ƙari, tsiron dawa tun asali yana da ƙarancin beta-amilas in aka gwada shi da na sha'ir.

Matan ƙasar Hausa sun warware wannan tun ba a san ma'aunin zafi ba. Bayan an niƙo hatsi da citta da kanumfari da masoro, sai a raba ƙullun gida biyu, babba da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa a dama har ya kama. Ƙaramin, wanda ke ɗauke da tsiro ko dankali, a ajiye shi ɗanye. Sai babban ya huce ya daina ƙona yatsa nan take, a juye ƙaramin a ciki, a gauraya, a rufe. Wato an dafa sitaci a gefe ɗaya, an tsare ran inzayim a ɗaya gefen, an haɗa su a daidai lokacin da za su amfani juna. Masana'antun da ke aiki da tsiron dawa suna da tsari mai wannan hikima: su tsiyaye ruwan da inzayim ya narke a ciki, su tafasa dusar da ta kwanta, su mayar da ruwan bayan ta huce.

Dankalin Hausa da ake busarwa a niƙa tare da ƙullu ba don ɗan zaƙinsa kawai ake sa shi ba. Yana cikin tsirran da suka fi kowane yawan beta-amilas, har ma daga jikinsa ne masana a Amurka suka fara tace wannan inzayim tsantsa a 1946. Ke nan abin da tsiron dawa ya rasa, shi dankali ya kawo. Wannan inzayim ne kuma ya sa gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi. Wasu matan tsiron shinkafa suke sawa, shi ma yana yi.

Lissafin zafin ba shi da wuya. Kankiya da Kusada suna bisa tudun da ya kai kimanin mita 500 daga doron teku, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, ba 100 ba. In aka haɗa kwano uku na tafasasshen ruwa da kwano ɗaya na ƙullu mai zafin ɗaki, a ce digiri 28, za a sami kusan 80, sitaci ya kama. In kwano biyu ne, kusan 75, wanda yake a bakin iyaka. Da hunturu, lokacin da ƙullu da tukunya suka kwana cikin sanyi, lissafin yakan sauka ƙasa da haka, wani sashe na sitacin ya zauna ɗanye. Kunun da ya ƙi a watan Janairu, sau da yawa laifin sanyin tukunya ne, kuma maganinsa a ɗauraye ta da ruwan zafi kafin a fara.

Wane mazubi?

Bayan an haɗa kashi biyun, abin da ake buƙata shi ne cakuɗin ya zauna tsakanin digiri 60 da 70 na kamar awa ɗaya zuwa biyu. In ya huce da wuri, inzayim bai mutu ba, amma ya zama malalaci, ƙwayoyin tsami kuwa su riga shi. Saboda haka tambaya ta farko ga kowane mazubi ita ce ko yana riƙe zafi. Ta biyu, ko yana zuba wani abu nasa a cikin abinci mai zafi da tsami. Ta uku, ko yana wankuwa.

Tukunyar ƙasa ita ce ta kaka da kakanni, kuma tana da hujjarta. Yumɓu ba ya wuce da zafi da sauri. Alminiyam ya ninka shi sama da sau ɗari a wannan fanni. Bangonta mai kauri in ya ɗumama yakan daɗe. Amma a lura, ba kowace tukunyar ƙasa ba. Sabuwar randa mai tsattsafo an yi ta ne don ta sanyaya: ruwan da ke fitowa ta ƙofofin jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Wannan ce hikimar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa wajen tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000. Abin da ya dace da tumatir bai dace da kunu ba. Tsohuwar tukunyar girki wadda ƙofofinta suka toshe ita ce ta aikin. Aibinta ɗaya ne, ba ta wankuwa sarai, kuma za a dawo kan wannan.

Tukunyar da aka fi gani yau ita ce ta alminiyam wadda maƙera suke zubawa daga narkakkun tarkace, wadda ake ce wa tukunyar dalma. Wajen tafasa ruwa ba ta da na biyu a araha da ƙarko. Wajen ajiye kunu ya kwana kuwa, ba ta dace ba. Tana saurin hucewa, wannan ƙaramin laifi ne, ana gyara shi da murfi da tsohon bargo. Babban laifin yana cikin abin da aka narka. Tarkacen yakan haɗa da sassan injin mota da makamantansu, kuma binciken da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru, da wani na 2017 da ya haɗa ƙasashe goma, sun nuna cewa da yawansu suna sakin dalma ta gaske, wato ƙarfen nan mai guba, idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Mutanen Arewa ba baƙin wannan guba ba ne tun abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Abin da tukunya ke saki bai kama ƙafar wancan ba, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma masana ba su san wani adadi nata da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba. Kunun zaƙi yana kwana yana tsami awa goma ko fiye. A tafasa ruwa a tukunyar, a yi haɗin a wani wuri.

Bokitin ƙarfe mai farin rufi irin na kwanon rufin ɗaki shi ma tsami yana cin rufinsa, wanda ya sha ya yi ta amai. Kwalla da fanteka masu fenti suna da kyau muddin fentin bai ɓare ba. In ya ɓare, tsatsa ta samu ƙofa. Ƙarfe marar tsatsa ya fi su duka tsabta, sai dai tsada, kuma shi ma yana son a lulluɓe shi.

Sai roba, wadda ita ce ta mamaye gidaje. Roba ba iri ɗaya ba ce. A gindin mazubi akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 5 tana jure tafasasshen ruwa, mai lamba 2 ma ba laifi ga ruwan ɗumi. Mai lamba 1, wato gorar ruwan sha da ta lemo, tana motsewa tun daga wajen digiri 70, don haka ba a ɗura mata kunu sai ya huce. Wanda ya kamata a guje wa gaba ɗaya shi ne bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man inji. Roba tana shan irin waɗannan sinadarai a jikinta, zafi kuma ya fito da su. Wanki da omo ba ya raba su.

Wani abin ban sha'awa, a Amurka da Turai, inda ake da masu sha'awar dafa giya a gida, kayan da da yawansu suka fi amincewa da shi wajen wannan mataki shi ne akwatin roba mai bango biyu na ajiye ƙanƙara. Wannan kuwa ita ce kular da kusan kowace amarya a Kankiya take zuwa da ita ɗakinta. Babbar kula mai murfin kirki, in an ɗauraye ta da ruwan zafi, tana riƙe cakuɗi a cikin iyakar da ake so fiye da awa guda ba wuta ba itace. Ga mai yin kunun gida ko ƙaramar sana'a, da wuya a sami abin da ya fi ta. Sharaɗin shi ne a dama babban kason a wani mazubi, sai ya sauko a juye a kula, domin tafasasshen ruwa yana iya lanƙwasa cikinta.

Girma ma yana da tasiri. In aka ninka faɗin tukunya da tsayinta sau biyu, fatar da zafi ke fita ta cikinta ta ninku sau huɗu, amma abin da take ci ya ninku sau takwas. Shi ya sa kunun biki, da ake yi a ƙatuwar tukunya, yakan fi na kwano ɗaya zaƙi ko da hannu ɗaya ya yi su. Kuma mafi yawan zafin ta sama yake gudu tare da tururi. Murfi ya fi kowane irin bango muhimmanci.

Game da tata, kayan Turawa suna da faranti mai huji a gindin mazubi, inda ɓawon sha'ir yake taruwa ya zama matata da kansa. Dawa da gero da aka sussuka ba su da irin wannan ɓawo, saboda haka wanda ya kwaikwayi tsarin zai ga ya toshe. Rariya da farin ƙyalle mai tsabta su ne daidai. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti kuwa ba matata ba ne. Maganin kashe ƙwari ne a jikin zarensa.

Inda kunu yake tsayawa

Ruwa mai sukari da ɗumi gona ce ga ƙananan halittu. Waɗanda suke fara sauka su ne bakteriya masu tsami, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa wannan tsami aikin rayayyun halittu ne. Tsamin da suke kawowa cikin dare shi ne ɗanɗanon kunun zaƙi, kuma yana hana yawancin ƙwayoyin gudawa sakewa. In aka ƙara lokaci, sai yis ya karɓi aiki, ya mai da sukari barasa da iska. Gorar kunun da ta kumbura ta yi tsit in an buɗe, yis ya riga ya fara.

Burukutu, wanda Maguzawan ƙasar Katsina da Kano suka daɗe da saninsa a bukukuwa da gayya, wannan hanya yake bi har ƙarshe: tsiron dawa, dahuwa, tsami, sake dahuwa, sa'an nan kwana biyu da yis daga tsohuwar tukunya. Jihar Katsina ta kafa dokokin Shari'a a 2000, waɗanda suka haramta giya. Ga gidan Musulmi kuwa batun ya girmi dokar jiha, kuma yana da kyau ɗalibi ya san cewa malaman fiƙihu sun yi magana a kan mazubi tun da daɗewa. A hadisin tawagar Abdul Ƙais da Buhari da Muslim suka ruwaito an hana jiƙa dabino ko zabibi a wasu mazubai huɗu, cikinsu har da duma da kututturen dabino da aka fafe, malamai kuma suka bayyana cewa jiƙo yana saurin juyewa a cikinsu. Muslim ya ruwaito sassauci daga baya, bisa sharaɗin a guji abin da ke bugarwa, amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta riƙe hanin a kan duma da mazubin da aka shafe da ƙaro. Mai nazarin halittu zai ga dalili a fili game da duma da itace: jikinsu cike yake da ƙofofin da yis na jiya yake maƙalewa. Haka tukunyar ƙasa da ƙwarya. Mai kunun da ke amfani da su sai ta riƙa ƙona su da tafasasshen ruwa tana kifewa a rana, ta kuma yi daidai abin da zai ƙare a yini.

Wannan ilmi na tsiron dawa ya taɓa zama batun ƙasa. A Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antu suka koma kan dawa ala tilas. Irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, musamman gajeren kaura mai lamba SK5912, ya shiga cikin waɗanda aka dogara da su. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ba ta fita ba; ta zauna a cikin lemon malt da garin shayi irin su Milo da ake yi a Nijeriya, ta kuma buɗe wa manoman Arewa wata kasuwa.

Kunun yaye

Inda wannan kimiyya ta fi tsada shi ne cikin kofin yaro. Cikin jariri ɗan wata takwas ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar giram 250 a zama ɗaya. Ba ya iya haɗiye kunu mai kauri, sai uwa ta ƙara ruwa. Kunun da garinsa kashi 10 ne cikin 100 yana ba da kalori kusan 36 a kowane giram 100, wato wajen rabin abin da nonon uwa yake bayarwa. Yaro ya ƙoshi, amma da ruwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jinyar tamowa a Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Talauci da rashin tsaro da cututtuka su ne manyan dalilai, cokalin tsiro ba zai kawar da su ba. Amma yana iya gyara abu ɗaya.

A dama kunu mai kauri kamar talge, garinsa kashi 25 cikin 100. In ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali na garin tsiro a juya. Cikin 'yan mintoci alfa-amilas zai tsinka shi ya koma abin sha ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, kalorinsa kuwa ya kai 90. An gwada wannan a Tanzaniya tun farkon shekarun 1980, inda ake kiran garin kimeya, haka kuma a Baroda ta Indiya. Da ƙulli-ƙuli ko garin wake a ciki, sai ya ƙara inganci. Wannan na yaron da ya wuce wata shida ne. Kafin nan nono kaɗai.

Akwai gargaɗi biyu da ba a wasa da su. Saiwa da ɗan ganyen tsiron dawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda Dunstan da Henry suka gano a dawar Masar a 1902, kuma yana sakin gubar sayanayid. Makiyaya sun san aikinsa, shi ke kashe saniyar da ta ci gyauron dawa. Don haka bayan tsiro ya bushe a murje shi a sheƙe saiwar da ganyen kafin a niƙa, sa'an nan bayan kunu ya tsinke a mayar da shi wuta ya tafasa ba murfi. Gubar tana bin tururi, ƙwayoyin cutar da suka zo da ɗanyen gari kuma su mutu. Na biyu, tsiron da ya yi hunhuna a zubar. Wasu nau'o'in hunhuna suna haifar da afalatoksin mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Gwaji a ɗakin karatu

Malamin da ba shi da kayan aiki da yawa yana iya nuna duk wannan cikin darasi biyu. Ana buƙatar koko mai kauri, garin tsiro, ɗanyen dankali, kofuna biyar, farin faranti, da ruwan aidin na kemis. Tun 1814 aka san aidin yana mai da sitaci shuɗi mai duhu.

A raba kokon a kofuna. Na farko a bar shi haka. Na biyu a sa masa tsiro. Na uku a sa masa tsiron da aka riga aka tafasa a ɗan ruwa. Na huɗu a sa tsiro amma a tsoma kofin a ruwan randa. Na biyar a matse masa ruwan gurzajjen dankali. Ban da na huɗu, sauran a jera su a kwano mai ruwan digiri 60 zuwa 65. Inda babu ma'aunin zafi, kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwa mai zafin ɗaki suna ba da kusan 63. Ma'aunin asibiti ba ya yi, iyakarsa 42. Duk minti goma a ɗiga kaɗan daga kowane kofi a faranti, a sa aidin, ɗalibai su rubuta launin da suka gani. Kofi na biyu zai tsinke, launinsa ya tashi daga shuɗi zuwa ja-ja har ya kusa ɓacewa. Na ɗaya da na uku ba za su motsa ba. Na huɗu zai bi na biyu amma da jan ƙafa. Na biyar shi ne zai jawo gardama, domin zai daɗe yana nuna launi alhali sukari yana taruwa a cikinsa, abin da ruwan Benedict zai tabbatar in makarantar tana da shi. Kada a ɗanɗana abin da aidin ya taɓa.

Darasi na biyu na mazubai ne. Ɗalibai su aro tukunyar ƙasa, ta dalma, bokitin roba da kula, a zuba wa kowanne lita biyu na ruwan digiri 70, a auna zafi duk minti goma sha biyar har awa biyu, a zana layin kowanne a takardar jadawali. Sai a maimaita da murfi, a sake maimaitawa da buhu a lulluɓe. In an yi gwajin a zangon farko na shekara, a ajiye takardun, a sake yin sa a watan Afrilu a ɗora layukan a kan na hunturu.